Filin Ƙwallon Kwandon Lukman Dogo

Lukman Dogo mutum ne da Allah ya ba shi tsawo, shi kuma ya ɗauka alkawarin ɗaukaka aka yi masa. A Kontagora aka haife shi, ɗan mai sayar da kayan keke. Tun yana firamare shi ake kira in za a rataye labule ko a ciro abin da ya maƙale a kan rufi. A sakandare wani malamin wasanni ya hango shi a layin abinci ya kere wa kowa, ya ce ya zo filin ƙwallon kwando. Ya je kuwa. Zango guda ya yi a kan benci yana riƙe wa 'yan wasa ruwa, domin duk ƙwallon da aka jefo masa sai ta ratsa tsakanin hannuwansa ta doke shi a ƙirji. Amma a bakin Lukman wannan zangon ya riƙa kumbura kamar ƙullin waina. Kafin furfura ta fito masa, mai zaman benci ya zama kyaftin. Da furfurar ta fito, har wani Bature ya zo ɗaukarsa zuwa ƙasar waje, mahaifinsa ne ya hana.

Yana saurayi ya zo Abuja, ya sami aikin sito a wata ma'aikata, inda ya ƙare ƙuruciyarsa yana miƙa wa mutane takarda da tawada ta taga. A ba shi haƙƙinsa, bai taɓa ɗauke ko biro ba. Sai dai in ka je karɓar ambulan ya riƙe ka da labarin ƙwallo, sai ka gwammace da biron ya sata. Abokan aikinsa har suka koyi aika baƙin ma'aikata sito a madadinsu.

Abu ɗaya na hankali da ya yi shi ne sayen fili a Lugbe tun wurin yana daji, a hannun wani manomi ɗan Gbagyi mai suna Jonah, wanda ya zama maƙwabcinsa, katanga ɗaya ta raba su. Abu na biyu shi ne auren Muhibba, gajeriyar mace 'yar Zariya, mai kaifin baki da albarkar hannu. Ita ta mayar da ɗan filin da ya rage a bayan ɗakuna lambu. Akwai mangwaro mai inuwa, da zogale, da alayyahu, da tattasai, ga akurkin kaji a kusurwa, ga igiyar shanya.

Dab da zai yi ritaya aka aike shi da saƙo gidan wani darakta a Maitama. Mai gadi ya bi da shi ta baya, nan ya ga abin da ya hana shi sukuni: shimfiɗaɗɗen fili mai fenti, da dogon ƙarfe, da kwando mai farar raga. Babu kowa a filin, ganye ma ya taru a kai, amma Lukman bai ga ganyen ba.

Da aka sallame shi daga aiki, wata safiya ya sami Muhibba tana ba kaji dusa, ya gyara murya.

"Maman Nazir, na yanke shawara. Zan yi filin ƙwallon kwando a bayan gida."

Ba ta ɗago ba ta ce, "A bayan gida? To mu kuma ina za mu riƙa kewayawa?"

"Kin san abin da nake nufi. Nan, inda kike tsaye. Don yaron nan zan yi. Jini ba ya ƙarya."

Yaron shi ne Nazir, ɗansu, wanda ya ɗebo tsawon uwarsa kaf, da ƙyar yake kai wa hammatar uban. Shagon tela yake zuwa koyon ɗinki, kuma yana son abinsa.

"Baban Nazir, in jini ba ya ƙarya, ai nawa ne ya faɗi gaskiya a jikinsa," in ji ta. "Mangwaron fa?"

"Mangwaro ai ana sayarwa a kasuwa."

Aka shiga tsari. Lukman ya yini yana kallon bidiyo a waya, ya fito da igiya yana awo, yana taka alayyahu. Awon ya nuna masa wurin bai kai rabin filin wasan ba, bai ma kai rabin rabin ba. Da wani ne ya ga haka, da sai ya naɗe igiyarsa ya je ya sha shayi. Lukman ya ce ai manyan 'yan wasa a ƙaramin wuri suke gogewa.

Ya tafi bakin titi inda masu aikin gini suke zama da shebur suna jiran mai ɗauka, ya tambayi wanda ya taɓa yin filin ƙwallon kwando. Wani birkila mai suna Godspower ne kaɗai ya miƙe ya ce ya yi su ba adadi. Da gidan burodi aka tambaya ma haka zai ce. Zani ta tadda mu je mu. Tun a hanya Lukman ya ba shi labarin Baturen nan, Godspower ya ce shi ma ya taɓa jin sunan Oga a bakin mutane.

Aka sare mangwaro. Aka tuge zogale, aka mayar da kaji lungun tankin ruwa. Muhibba ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta dai ɗauko kujera ta zauna a bakin ƙofar kicin tana kallo, irin kallon da ake yi wa mai tallar maganin ƙarfi a tasha. Aka sauke yashi da tsakuwa da siminti. Duk abin da Lukman ya faɗa, Godspower zai ce, "Yawwa Oga, haka nake yi musu a Asokoro." Lukman ya ce kada ruwa ya kwanta, Godspower ya karkatar da daɓen gaba ɗaya zuwa katangar Jonah. Aka kafa bututun ƙarfe, aka ɗaura masa tsohuwar ƙofar katako a matsayin allo. Tsayin kuwa, Lukman ya miƙa hannu sama ya ce a ƙara kaɗan. Zoben da ƙwallo za ta faɗa, mai walda ya nemi faɗinsa, ƙwallon kuma ba a sayo ba tukuna, sai aka ɗauko murfin tukunyar Muhibba aka lanƙwasa rodi a kansa.

Ranar buɗewa Asabar ce da la'asar. Lukman ya jera kujerun roba a jikin bango, ya gayyato tsofaffin abokan aiki da maƙwabta da samarin unguwa. Ya fito cikin jar riga marar hannu da gajeren wando, da usur a wuya, ƙafafun nan kamar na zalɓe. Ya yi jawabi mai tsawo a kan baiwar da ƙasar nan take binnewa. Sannan ya karɓi sabuwar ƙwallo, ya buga ta a ƙasa, ya jefa. Ta doki gefen allo, ta haye katanga, aka ji kajin gidan Jonah sun watse. Aka dawo da ita. Wannan karon ya ce zai nuna wa yara yadda ake tsalle a saka da hannu. Ya ja baya har ya jingina da bango, domin nan filin ya ƙare, ya taho da gudu, ya ɗaga. Ƙafarsa ba ta bar ƙasa da kirki ba aka ji gwiwa ta ce ƙas. Mutum biyu suka kama shi zuwa kujera.

Wani saurayi da ya iya wasan ya ɗauki ƙwallo ya auna ya jefa. Ta tafi sak, ta sauka a kan zoben, ta zauna daram. Ba ta faɗa ciki ba, ba ta faɗo waje ba. Sai da aka kawo sandar goge ɗaki aka zunguro ta. Dariyar da aka riƙa dannewa tun daga jawabi ta ɓalle.

Daga kan kujera Lukman ya ce, "Iska aka cika mata."

Nazir ya jefa sau ɗaya don kada a ce bai yi biyayya ba, ya durƙusa kusa da uban ya ce, "Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Ni fa ɗinki nake so." Da daddare Lukman bai ci tuwo ba. Wannan maganar ta fi gwiwar yi masa ciwo, amma bai gaya wa kowa ba, ya ce wa Muhibba yaran zamani ba su da zuciya.

Samarin unguwa sun ɗan zo na wasu makonni. Da suka ga mutum uku ba sa iya juyawa ba tare da ɗaya ya goge bango ba, suka koma ƙwallon ƙafarsu. Sai damina ta faɗi. Ruwan farko ya bi daɓen nan tas, bai kwanta ba kamar yadda aka yi umarni, ya bi ta ƙarƙashin katanga. Jonah ya shigo da wando a naɗe.

"Oga Lukman, ruwan filinka ta shiga ɗakin doya na. Ni na sayar maka da ƙasa, ban ce ka aiko mini da kogi ba."

Dole aka fasa kwata ta tsakiyar filin, daidai kan layin fenti. Da rani ya zo kuma, babu inuwar mangwaro, ɗakin baya ya zama tanda, Lukman ya kwaso katifarsa zuwa falo. Muhibba ta jera tsofaffin bokitai a gindin katanga ta shuka alayyahunta, daɓen kuma ta baza tattasai da kuɓewa. Duk matar da ta shigo takan ce mata, "Zo ki ga wurin shanya da maigidana ya yi mini. Duk Lugbe babu irinsa."

Bara Jonah ya aurar da 'yarsa Rita, gidansa ya yi wa baƙi kaɗan, ya zo ya roƙi aron filin. Lukman ya amince da sauri. Aka kafa rumfa, aka ɗaure igiyarta a jikin ƙarfen, mai kiɗa ya rataye lasifika a zoben, aka rufe kwatar da katako, aka yi ta rawa. Wani dattijo daga dangin ango ya ɗaga kai ya dubi ƙarfen, ya tambayi Lukman amfaninsa. Lukman ya gyara babbar riga, ya buɗe baki, Muhibba da ke wucewa da tiren shinkafa ta riga shi.

"Na rataye lasifika ne, Baba."

Dattijon ya jinjina kai ya ce, "Kai, ka yi dabara. Mutum mai hangen nesa ke nan."

Lukman ya dubi ƙarfen, ya dubi dattijon, ya ce, "Ai sai da na yi dogon nazari kafin na kafa shi."