Malam Ɗalhatu da Motar da Ta Ƙi Tashi a Dudunni

Kafin masu shagunan layin su gama sharar ƙofa, Malam Ɗalhatu ya riga ya jingine kekensa a bangon shagonsa da ke bakin kasuwar Kankia. Zai ciro tabarau daga cikin hula, ya goge shi da gefen riga, sannan ya bi tsofaffin kwamfutocinsa yana kunnawa ɗaya bayan ɗaya, yana kasa kunne ga ƙarar fankar kowacce, kamar mai kiwo da ya shiga garke da safe. Wadda ya ji tana gurnani sai ya ja ta gefe. Sai ya gama wannan yake shan kokonsa, wanda kullum ya riga ya huce.

Sana'arsa raya abin da aka yar. Kwamfutar da ofis ya gaji da ita, ko wadda ɗalibi ya ce ta tsufa, shi zai karɓa ya ɗora mata Linux, tsarin nan na kyauta da kowa ke iya buɗe cikinsa ya gani, wanda ba ya yi wa tsohuwar na'ura nauyi. Matsalar ita ce yawancin wasannin da mutane ke so don Windows aka rubuta su. Sai an sa wata manhaja a tsakani mai suna Wine, wadda Malam ke kira tafinta, ta riƙa fassara wa na'urar abin da wasan ke nufi. Wani lokaci fassarar ta tafi daidai, wani lokaci ka danna wasa ya leƙo ya koma. A nan ne Malam Ɗalhatu ya yi suna, daga Kankia har Kunduru da Tafashiya.

Ni dai na sha jin haushinsa, don ban taɓa ganin mai sanyin aiki irinsa ba. Ba ya taɓa abu biyu lokaci guda. Zai canza abu ɗaya, ya gwada, ya buɗe wata baƙar taga mai ƙananan rubutu ya karanta ƙorafin na'urar, sannan ya canza na gaba. In ka ce ya yi sauri sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "In na ba ta magani biyu ta warke, wanne zan gode mawa?"

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya yi wa yayana Musa, kuma a gabana aka yi.

Yaya Musa direban tirela ne, ya ci ƙuruciyarsa a kan titi. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi a gidanmu na Dudunni, can ƙasar Kusada. Ƙafa ta dawo da sanda, amma hannun dama ya ƙi. Masu gashin ƙashi a asibiti suka ce sai ya riƙa motsa shi kullum, in ba haka ba zai sandare. Suka ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya jefar da ita bayan katanga. Abin da ya fi ci masa rai shi ne gaisuwa. Mutumin da in ya riƙe hannunka sai ka yi ƙara, ya koma ɓoye damansa cikin riga, yana ɗaga wa mutane kai kawai.

'Yarsa Fauziyya, mai aikin jinya, ita ta kawo dabara. Ta je wurin Malam, ya haɗa mata tsohuwar kwamfuta da sitiyari na wasa da wani wasan tuƙin manyan motoci. Cikin kwamfutar ba fili, sai ya zuba wasan a wani ƙaramin akwatin ajiya mai igiya da ake soka mata a gefe. Fauziyya ta sa sola a zaure. Ranar farko Yaya ya yi tsaki ya ce wasan yara ne. Da na zauna gwadawa ya ga na shiga kwana ba sigina, ya ce in tashi kafin in kashe mutane. Daga nan kullum yana kan hanya, hagu na juya sitiyari, dama na bin ta a hankali, har yatsu suka fara lanƙwasa.

Ana cikin wannan murna, da damina ta kankama, sai motar ta ƙi tashi. A danna, hoto ya fito, allo ya yi baƙi, komai ya rufe. Na ɗaure kayan a bayan babur na kai Kankia. Malam ya kunna, wasa ya tashi lafiya lau. Duk da haka ya mayar da tafinta zuwa tsohon zubinsa, ko sabon ne bai jitu da wasan ba. Na kai gida, ta ƙi. Na dawo, ya share wa wasan sabon mazauni a cikin tafintan. A shago ta tashi, a gida ta ƙi. Ya sabunta manhajar da ke sarrafa hoto, duk kanwar ja ce. Har na fara zarginsa da tofa mata wani abu da ba ya ƙetare Kankia.

Dawowata ta ƙarshe, na tarar Yaya ya juya wa teburin baya, hannun ya koma cikin riga.

"Basiru, bar wahal da kanka," ya ce. "Mota ta san direba. Ita ma ta gane na ƙare."

Maganar ta soke ni, kuma na ji tsoro ƙwarai, don na san in ya saki wannan hannun to ya sake shi ke nan.

Na sake ɗaure kayan na kai wa Malam, na faɗa masa. Dama ya saita na'urar ta riƙa ajiye ƙorafinta duk sa'ar da ta faɗi. Ya buɗe baƙar tagarsa ya daɗe yana karatu.

"Tafinta ba shi da laihi," ya ce. "Cewa ya yi yana cikin fassara sai mai maganar ya ɓace. Akwatin ajiyar ne ke ɗaukewa. Mi ke ɗauke shi a Dudunni da ba ya ɗauke shi nan? Tashi mu tahi."

Ya rufe shago ranar da ake ciniki, ya hau bayan babur ɗina, muka bi ta cikin taɓo har gida. Ya gaida Yaya, ya ce in haɗa kayan yadda aka saba, shi kuma ya nemi tabarma ya zauna kamar ɗan dubiya. Aka kawo fura ya sha. Ni ina ta cika ina batsewa, mun taho gyara ya zauna hira.

Ba a jima ba wani maƙwabci ya yi sallama, fartanya a kafaɗa. Ya tambayi jiki, ya yi addu'a, sannan ya zaro wayarsa ya soka a gefen kwamfutar, ya ce zai biyo in ya taso daga gona. Wani ya shigo da tasa da ta matarsa. Kafin ka ce kwabo, wata igiya mai kawuna da yawa ta fito daga ƙarƙashin tabarma, wayoyi sun kewaye kwamfutar kamar 'yan tsaki. Ashe tun da injin mai cajin unguwa ya lalace, zauren Yaya ya zama wurin caji, kuma soket ɗin solar guda ne, kwamfutar ke kai. Wayoyin ke shanye wutar da akwatin ajiya ke rayuwa da ita. In zan tafi Kankia kowa ya zare tasa, shi ya sa take isa shago da lafiyarta.

Na miƙe zan yi shela, Malam ya riƙe mini riga ya ja ni waje.

"Mi za ka ce masu? Su daina zuwa? Wayoyin nan su ke kawo mashi mutane safe da marece. Ka kore su, ka gyara wasa ka kashe zaure. Kuma yayanka ba zaya iya hana baƙo caji ba, ko da hannun zaya rasa."

Ya nemi guntun katako da 'yan kayan da ya zo da su a jaka, ya haɗa allon caji mai kafofi da yawa, ya ja masa waya kai tsaye daga batirin sola, ya kafa shi a bango dab da kujerar Yaya. Ya ce wa jama'a ga sabon wuri, ya fi saurin cikawa. Kowa ya kwashe tasa yana godiya, ba wanda ya san an taɓa samun matsala da shi. Sannan ya danna wasan. Inji ya yi gurnani, titi ya shimfiɗe a allo. Yaya ya yi kamar bai ji ba, har sai da Malam ya kama sitiyari ya nufi rami da gangan.

"Kauce, Malam," in ji Yaya. "Kai dai tsaya ga gyara."

Zauren ya kwashe da dariya. Ni kam hawaye na yi, ban kuma ɓoye ba.

Malam Ɗalhatu, kai ne mai haƙurin sauraron ƙarfe har ya faɗi abin da ke damunsa. Kai ne ka gane cewa na'ura a cikin mutane take zaune, wanda bai je ya ga zamanta ba bai gama duba ta ba. Ka gyara mota ba ka kunyata maƙwabci ko ɗaya ba, kuma wannan ya fi gyaran wuya.

Yanzu ido ya fara gajiya, kana shirin barin shagon ga waɗanda ka koyar, ka koma gonarka ta Tafashiya. Da Yaya ya ji labari ya ce lallai in kawo shi Kankia. Ya sauka da sandarsa a ƙofar shago, ya yi sallama. Kai da ka san halin da ake ciki ka ɗaga masa kai kawai, don ka sauƙaƙa masa. Sai ya zaro hannun dama daga cikin riga ya miƙo maka. Ya riƙe naka ya matse, har na ga ka ɗan yamutsa fuska.

Mun gode, Malam. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa idonka haske, ya sa gona ta yi albarka. Ku kuma matasan da kuka gaji teburinsa, da duk mai gyaran wani abu a ƙasar nan, ku ɗauki halinsa: ku taɓa abu ɗaya a lokaci guda, ku karanta abin da na'ura ta ce, in ta kama ku rufe shago ku je ku zauna a tabarmar mai ita. Yaya ya ce a faɗa maka, in ka zo Dudunni ka taho da wayarka, akwai wurin caji.