Tsawa ga Mai Furfura

Ni ba mai fita ba ce. Tun da muka tare a Wheaton, can gefen Washington, duniyata ba ta wuce kicin da falo da shagon 'yan Afirka na bayan layinmu ba, inda nake sayen daddawa da kuka. Karatuna a firamare ya tsaya. Turanci tsinta-tsinta nake yi, amma Allah ya ba ni kunne, ko ban gane kalma ba ina gane muryar da aka faɗe ta da ita.

Ɗana na fari, wanda ba zan kama sunansa ba don ban taɓa kamawa ba, a Kano ya tashi a hannuna. Sai da gemu ya fara tsiro masa sannan babansa, da ke tuƙin tasi a Washington, ya samu ya kwaso mu. Saboda haka da tarbiyyarsa ya zo. Ba ya gaida babba a tsaye, ba ya haɗa ido da sa'an mahaifinsa, muryarsa ba ta hawa kan ta mai furfura.

Ranar da ya ce an ɗauke shi makarantar horon 'yan sanda na rangaɗa guɗa a falo, har babansa ya ce, "Ke, yi a hankali, kada maƙwabta su kira mana abokan aikinsa tun bai fara ba." Yaron ya yi murmushi, ya ce tukuna dai. Wai akwai wata hukuma ta jiha a saman makarantar, in ba ita ta ba ka satifiket ba, babu kai babu kaki. Na ce Allah ya sa a hannunta alheri yake, ban ƙara tunawa da ita ba.

Gudu ya ci, harbi ya ci, haddar dokoki kuwa har abokansa yake yi wa bita. Sai wata rana da la'asar ya shigo, ya wuce tuwon da na ajiye masa, ya durƙusa gaban babansa. Ina kicin, amma ƙofar a buɗe take.

Ashe akwai jarrabawar da ake yi kamar wasan kwaikwayo. Aka tsayar masa da wani dattijo mai farin gemu, hannunsa cikin aljihun kwat, ya ƙi bin umarni. Abin da ake so, ya kafa masa ido, ya daka masa tsawa, in ya ƙi ya kai shi ƙasa ya sa masa ankwa. Da dattijon ya taso masa da faɗa, sai yaron nan ya sunkuyar da kai. Kafin ya ɗago, wuƙar roba na wuyansa.

"Sun ce na mutu, Baba."

Za su ƙara masa horo, su sake gwada shi. In bai ci ba, shi ke nan.

Ni ce na matsa wa Malam, wato babansa, na ce mu je wajen hukumar nan mu kama ƙafa. Ya ce a nan ba a haka. Na ce ai su ma mutane ne, uwa ce ta haife su. Na yi dambun nama, na ɗauko mayafin da nake zuwa biki da shi, muka kama hanya a tasinsa har muka bar gari muka shiga gonaki.

Wata mata ce ta karɓe mu, baƙar fata, tsarata, da tabarau a rataye a wuya. Na tura mata kwanon dambun, ta turo min shi a hankali, wai doka ta hana. Malam na fassara min guntu-guntu. Ta ce su ne ke tsara abin da dole kowane ɗan sanda a jihar ya iya kafin a sake shi kan titi. Su ke duba makarantun, su ke tantance malaman da ke koyarwa, su ke ba da satifiket, su ke karɓewa in mutum ya ɓata, kuma ko tsohon ɗan sanda sai ya riƙa komawa ƙarin horo. Amma sassauta wa mutum ɗaya, wannan ba ya cikin ikonsu. Sai makaranta ta shaida ya cika komai sannan sunansa zai zo teburinsu.

Na ce, "Malam, gaya mata ba tsoro ba ne, kunya ce."

Ya daɗe yana lalubo yadda zai faɗa. Matar ta cire hannu daga kan takardunta, ta dube ni. Ta ce ta yarda, ita ma kakarta haka ta rene ta. Amma mai wuƙa a titi bai san wannan ba, kuma ba ta so wata rana a zo a ƙwanƙwasa min ƙofa. Muryarta irin ta wadda ta zo ta'aziyya ce. Na ce to wa ke samansu, mu je mu roƙe shi? Malam bai fassara wannan ba, ya ɗauki kwanon ya miƙe.

Ranar Lahadi bayan azahar Malam ya janye teburin falo, ya sa kwat a kan jallabiyarsa, ya cusa ludayina a aljihu.

"Tashi. Daka min tsawa."

"Baba..."

"Babu Baba a nan. Ni wani tsohon banza ne ka tare a titi."

Yaron ya buɗe baki, abin da ya fito kamar mai neman a miƙo masa gishiri.

"Wannan ce tsawar? Ko kyanwa ba za ta matsa ba. Dube ni! Ƙafata kake wa magana?"

Haka suka yi ta yi, Malam na zaginsa da gangan, yana tunkuɗa masa ƙirji. Can sai na ji wata murya da ban taɓa ji a gidana ba, da Turanci, har kofuna suka amsa. Na leƙo. Malam na kife a kan kafet, hannunsa a murɗe ta baya, gwiwar ɗansa a gadon bayansa, hularsa ta gangara ƙarƙashin kujera. Daga ƙasan ya ce, "Yauwa, haka." Amma ni na san muryar mijina, rawa take yi. Yaron ya sake shi, ya rarrafa ya ɗauko hular, ya miƙa masa da hannu biyu. Ranar babu wanda ya ci abinci.

A gwajin ƙarshe ya kafa ido, ya yi tsawar, ya kai mutumin ƙasa. Sai dattijon ya yi nishi, ya ce wayyo kafaɗarsa. Yaron ya sassauta riƙon don ya tallafe shi. Ashe nishin ma cikin jarrabawar yake. Makaranta ba ta aika sunansa ba. Ya wanke kayan horon, ya goge, ya mayar musu.

Yanzu gadi yake yi a wani dogon gini a cikin Washington, yana buɗe wa masu jaka ƙofa. Ya koma Fort Washington, can bayan birnin, wajen wani abokinsa da zama, wai ya fi masa sauƙi, alhali na san motar haya nawa yake canjawa kafin ya kai. Malam bai taɓa tayar da maganar ba, shi ma haka, amma sun kasa zama a falon nan tare. Yakan zo ne lokacin da ya san babansa na kan hanya, ya ci abinci a tsaye a kicin.

Kwanakin baya na daure na ce masa ko zai gwada wata jihar, tun da ƙasar da faɗi. Ya ce, "Umma, kowace jiha da irin tata hukumar." Ya wanke kwanonsa, ya kife, ya ce in gaida Baba in ya dawo.