Ranar da Na Bar Yaya Ya Mutu

A shekarun da tawaye ya rufe hanyoyin Abzin, aikina buga takardu ne a wata sibar, wato shagon intanet, da ke bayan kasuwar Arlit. Kamfanin da nake yi wa tsaron magaza, ɗakin ajiyar kayansu, ya rage ma'aikata, ina cikin waɗanda aka ce su je gida su jira kira, kuma har yau kiran bai zo ba. Da safe nakan buga wa mutane takardun neman aiki, duk iri ɗaya, suna kawai nake canzawa. Da an yi azahar wurin sai ya zama fayau. Mai sibar ya ce in yi abin da na ga dama da ordinatocin, wato kwamfutocin, in dai ban lalata ba, shi kuma ya tafi barcinsa. Ta haka na faɗa wani wasa da ake yi ta intanet da mutanen wasu ƙasashe.

A wasan kowa yana da ɗan mutum nasa da yake tuƙawa. Akwai mai garkuwa, shi ke tsayawa gaba ya sha dukan dodo. Akwai masu takobi da masu baka, su ke kisa. Sai mai magani, wanda ke tsayawa can baya yana cika wa kowa jini in ya ragu, yana kuma tada wanda ya mutu. Ni mai magani na zaɓa, ba don wata dabara ba, farar rigarsa ce ta burge ni. Ban san na ɗauko wa kaina wahala ba. Mai magani shi kaɗai ko ɓera bai iya kashewa sai ya yi ta bugunsa da sanda har ka ji tausayin su biyun. Ba ka hawa mataki sai cikin ƙungiya, ƙungiya kuwa ba ta son ƙaramin mai magani. Gare ni abin ya fi muni, don rezon intanet na Arlit yakan yanke ana tsakiyar faɗa, in dawo in iske mutane huɗu kwance da zagi cikin Faransanci yana jirana.

Maƙwabcinmu wani Ba'abzine ne, direba, ya girme ni da shekara goma sha wani abu. Yaya nake ce masa tun ina tsirara, shi ya koya mini keke, shi kuma ya fara marina da ya kama ni da taba. Shekaru yana kai Turawa 'yan yawo cikin hamadar Tenere da motarsa kat-kat. Da aka fara taka nakiya a hanya Turawa suka ɗauke ƙafa. Fari kuma ya cinye awakin danginsa na ƙauye, suka taso suka yi bukkoki a bakin gari suna kallonsa, shi ba abin da zai ba su. Sai ya koma zama a zaure, amawali har bisa hanci, motar tana ƙofar gida bisa duwatsu.

Wata rana matarsa ta tare ni a bakin famfo. Mu da ita kullum wasa ne, mijina ƙarami take ce mini, amma ran nan ba ta yi dariya ba. Ta ce wasu mutane suna zuwa wajen Yaya bayan azahar, sau uku ke nan, suna shan shayi suna magana ƙasa-ƙasa. Mutanen dutse ne, 'yan tawaye, direba suke nema wanda ya san hanya ba taswira.

Ta ce, "Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ka riƙe mini shi daga azahar zuwa magariba. Ko da mene ne, ka riƙe shi."

Ni da me zan riƙe ƙato kamar Yaya? Abin da nake da shi ke nan, wasan. Na je na yi masa ƙarya rabi gaskiya rabi, na ce dodanni sun hana ni sakat, ina neman mai takobi da zai rufa mini asiri. Ya dube ni kamar na zare, ya ce shi ba yaro ba ne. Na ce ai na sani, taimako na zo nema. Kalmar taimakon nan ce ta tada shi. Ya shuri takalmansa ya biyo ni yana gunaguni.

Kwana uku na farko abin dariya ne. Yatsunsa sun yi wa madannan girma, in ya danna ɗaya uku ke amsawa. In ɗan mutuminsa zai juya kwana, shi ma sai ya karkata har ya bangaje ni daga kujera. Amma ƙasar wasan, wadda ni sai da taswira nake bi, sau ɗaya ya ratsa ta ya haddace. "Wannan hanya ba ya da kyau," in ji shi da Hausarsa da ba ruwanta da mace ko namiji, "mu bi bayan dutse." Kuma kullum shi ke da gaskiya.

Abin da ya fi ba ni haushi, Yaya ba ya wuce gawa. A wasan mutane na mutuwa ko'ina a hanya, kowa ya tsallake ya yi gaba, ba wanda ya damu. Shi sai ya ja birki. "Tada shi." In ce Yaya ba mu san shi ba, kuma ƙarfin maganina zai ƙare. Sai ya ce a Tenere direba ba ya wuce motar da ta tsaya ko ta maƙiyinsa ce, wanda ya wuce kuwa sunansa ya ɓaci daga Agadez har Djanet. Na ce nan ba Tenere ba ne. Ya ce, "Tada shi, ƙanena, ka cika surutu." Tafiyar minti biyar sai ta ci mana rabin awa, ina tada Faransawa da 'yan Kanada ina tsaki.

Ashe ta nan arzikinmu yake. Waɗanda muka tada suka riƙa tuna mu, wannan ya kira mu yau, wancan gobe, na soma hawa mataki kamar da wasa. Cikinsu akwai wata mata a Beljik da ke gida tana jego, ita ke shugabantar wata ƙungiya, ta ɗauke mu dindindin. Mai garkuwarsu wani saurayi ne mai gasa burodi a Faransa, da asuba yake aiki, da rana yana da lokaci. Ƙarfe uku kullum muke haɗuwa, mu biyar. In la'asar ta yi in rubuta musu cewa za mu yi salla, su jira mu, har suka saba suna tuna mana. Yaya ya soma riga ni zuwa, in iske shi tsugune a ƙofar sibar yana hura gawayin shayi. Matarsa ta ce mutanen sun zo sau biyu ba su same shi ba. Na ji daɗi ƙwarai, na ɗauka aikina ya yi.

Sai muka kai wani kogo mai babban dodo a ƙarshensa, muka maƙale. Sati biyu muna shiga ana fitar da mu. Laifin nawa ne, kuma na sani. Ƙa'idar mai magani ita ce mai garkuwa farko, don in ya faɗi kowa ya faɗi. Amma Yaya yakan kutsa kusa da dodon fiye da kima, jininsa ya yi ƙasa, kuma yana nan zaune kafaɗarsa na gogar tawa. Ta yaya zan ga babba yana neman faɗuwa in tsallake shi in ba wani saurayin da ban taɓa gani ba? A gidanmu ko ruwa aka kawo babba ke fara sha. Hannuna da kansa yake zuwa kan Yaya kafin in yi tunani. Ban da haka ina tsoro. Mutum ne mai zuciya, na ce in ya yi ta mutuwa gaban baƙi zai ce wasan banza ne, ya koma zaure, mutanen nan su same shi.

Matar Beljik ta rubuto mini ni kaɗai. Ta ce tana son mu duka biyu, amma sauran sun gaji. Gobe in na sake barin mai garkuwa ya faɗi saboda abokina, to dole abokina ya ba wani wuri. Ban fassara wa Yaya ba. Ya tambaye ni me ta ce, na ce gaisuwa ce. Ya ce, "Wannan mata gaisuwarsa ya yi tsawo."

Washegari muka shiga. Faɗa ya yi nisa, dodo ya kai wani duka da ya kwashe jinin mai garkuwa da na Yaya lokaci guda, maganin da ya rage mini kuwa na mutum ɗaya ne. Wallahi sai da na riƙe hannun damana da na hagu. Na ba mai burodi. Ɗan mutumin Yaya ya yi tangal-tangal ya kife, kuma ba a iya tada gawa sai an gama faɗa. Ya sauke hannuwansa bisa gwiwa. Minti kusan goma yana kwance muna taka shi muna wucewa, ni ban ko iya waiwayarsa ba. Dodon ya faɗi. Turawa suka cika allo da murna, na hau mataki biyu a take, amma ko kaɗan ban ji daɗinsu ba.

Yaya ya tashi ya fita. Na bi shi waje na iske shi yana zuba shayi. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Sati biyu ina jira ka yi haka. Kana tsammani ban iya ƙirga ba? Na san saboda ni muke faɗuwa."

Na ce ai girmansa ne ya hana ni.

"Girma?" Ya sauke amawali, abin da ba ya cika yi a waje ba. "A gida matata yana tafiya a hankali kamar akwai marar lafiya. 'Yan'uwana sun daina roƙona komai don kada in ji kunya. Na zo nan, kai ma kana lallaɓa ni kamar ƙwai. Ka san abin da ya sa nake ba mutanen can shayi? Su kaɗai ne ke yi mini magana kamar har yanzu ina iya wani abu."

Kunya ta rufe ni. Wata huɗu ina ganin ni ke riƙe da shi, ashe tura shi wajensu nake yi. Na ce masa to tun da gaskiya yake so, takobin nan bai iya shi ba, yana kutsawa inda ba a aike shi ba, kuma shi ne mafi rauni a cikinmu biyar. Ban taɓa yi wa Yaya magana haka ba. Ya dube ni, sai ya ƙyalƙyale da dariya har shayin ya zube. Ya ce to me ya iya? Na ce tsayawa gaba da sanin hanya. Ya ce gobe in buɗe masa sabon mutum mai garkuwa.

Daga matakin farko ya sake tasowa. Mai burodi ya yi ta koya masa, ni ina fassarawa, matar Beljik kuma ta saka shi mai garkuwa na biyu. In ya yi kuskure yanzu a gabansa nake faɗa, shi ma in na yi jinkirin magani sai in ji gwiwar hannu a haƙarƙarina. Kuma tun da ya zama mai garkuwa, ba shi magani farko ya zama ƙa'ida, hannuna ya huta.

Mutanen sun sake zuwa, sau ɗaya. Matarsa ce ta ba ni labari, tana bayan ƙyaure tana ji. Sun zo da wuri, kafin ya fita, suka ce yau suke son amsa. Ya ce musu shi yana da mutane huɗu da ke jiransa ƙarfe uku, in bai je ba babu mai tsaya musu gaba. Suka tambaye shi wane aiki ne, ya ce aikin da ya samu ne. Bai ɗora musu shayi ba. Da ta gama faɗa mini sai ta ce, "Mijina ƙarami, ashe kana da amfani," ta juya da sauri tana goge ido da gefen mayafi.

Mutanen dutsen sun samu wani direban a unguwarmu, abokin Yaya ne, tare suka yi shekaru suna kai Turawa. Kafin azumi aka aiko cewa motarsa ta taka nakiya. Muka je zaman makoki, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan, 'ya'yansa uku suna zaune jikin bango. Yaya ya zauna kusa da ni, idonsa na kan yaran. Kwana uku ba mu taka sibar ba. Rana ta ukun, da aka shafa fatiha mutane suka soma tashi, ya dafa gwiwata ya miƙe.

Ya ce, "Gobe ƙarfe uku, ƙanena. Kada ka makara."