Neman wa dabino masauki a Jidda

Katan ɗari huɗu na dabino ne a cikin mota a Madina, direban kuma ya ba ni kwana biyu in samo musu sito a Jidda, in ba haka ba ya sauke su inda ya ga dama. Abin da ya fitar da ni ke nan.

Muna idar da sallar asuba muka bar Makka, ni da wani abokin kasuwancina. Hanya sumul, kafin rana ta ɗaga mun shiga gari. A unguwar Sa'alaba muka karya da ful da tamis, wato wake da burodin tanda, da araha. Abokina ya ci na mutum biyu, wai iskar teku ce ta buɗe masa ciki. Unguwannin da na sani a da, wasu sun zama fili, wasu an kafa musu dogayen benaye na gilashi.

Dillalinmu wani dattijo ne, Bahaushen Sudan da ya tsufa a Jidda. Ya fara kai mu sabon gini, titi mai faɗi, babbar mota za ta juya a bakin ƙofa. Ni kuwa ba na karɓar sito sai an kashe na'urar sanyi na tsaya a ciki da tsakar rana. Aka kashe. Cikin minti goma riga ta manne mini a baya. Babu tagar da ke buɗewa, benen da ke gaba kuma ya tare iskar teku. Na duƙa na duba gindin bango, sai ga shatin laka an bi shi da fenti.

"Baba, ruwa na shiga nan?"

"Ya Alhaji, ruwan Jidda ai sau ɗaya yake zuwa a shekara."

"Dabinona ma sau ɗaya zai ruɓe."

Ya yi dariya. "Halas, yalla Balad." Wato shi ke nan, mu tafi Balad.

Balad tsohon garin Jidda ne, gidajen dutsen teku, lunguna matsattsu, kowane gida na yi wa na kusa da shi inuwa. Tagogin katako ne masu ƙananan huji, iska na shiga, rana na tsayawa a waje. Siton da ya nuna mini sai an hau matakala biyu. Na tsaya a ciki rabin sa'a babu na'ura, ban goge fuska ba. Na karɓa.

Washegari mota ta iso, lungu ya ƙi ta. Da baro muka yi ta jigila har la'asar. Katan ɗari uku da hamsin siton ya ɗauka, ragowar hamsin na karyar da su a bakin titi.

Na koma Makka bayan magariba da ciwon baya. Abin da na gani shi ne magina na da sun bar wa iska hanya, sun ɗaga ƙofa saboda ruwa, na yanzu da dama sun jingina komai ga lantarki. Na rasa ribar katan hamsin. Ɗari uku da hamsin suna nan a bushe.