Gwajin Magani a Gidanmu

'Ya'yan yayana maza biyu ciwo ɗaya ya kama su. Yaro na gudunsa lafiya, yana kai shekara biyar sai ya fara faɗuwa, in zai tashi sai ya dafa gwiwa kamar tsoho. A wani asibiti a Zariya aka ce ciwon tsoka ne na gado wanda ba a cika gani ba, kuma ana gwajin sabon magani. Aka haɗo mu da takardar amincewa shafi goma sha huɗu. Ni ce malamar firamare a gidanmu na Likoro, sai karatunta ya faɗo kaina.

Sati uku ina bayani. Na ce gwaji ne, ba alkawarin waraka ba. Yayana ya ce ya gane, ya fita ya shaida wa majalisarsu an samo magani. Na ce za a riƙa ɗibar jini kaɗan. Kafin la'asar gwaggo ta kai labari har ƙauyen Taba wai jinin yara za mu sayar. Inda na fi shan wuya shi ne da na ce wasu yaran maganin za a ba su, wasu kuma mai kama da shi kawai, kuma likitan kansa bai san wa ya samu wanne ba.

Baba ya ajiye carbi. "Ke, likitan da bai san abin da ke hannunsa ba, shi za ki miƙa wa jikokina?"

Na sake farowa. Uwar yaran, wadda ba wanda ya nemi ra'ayinta, ta yafito ni daga bakin murhu. Tambaya ɗaya ta yi: in ta ga abin bai yi mata ba, za ta iya janye su? Na ce ko yaushe, kuma ba za a daina duba su ba.

"To ki gaya wa Baba na yarda. Zaman nan da muke yi ma ba magani ba ne."

Baba bai hana ba, muka je asibitin. Aka sa su tafiya a baranda ana duba agogo. Babban ya gaza, aka ce ba ya cikin waɗanda ake nema. Ƙaramin aka ɗauka.

Yanzu duk wata muna kan hanya. Ko ya rage faɗuwa, wallahi ban iya cewa ba. Yayana kuwa sau biyu yana manta ranar asibiti, wai girbin dawa ya sha masa kai, sai dai in bi shi har gona da kati a hannu.