Mai Tafi Kafin a Gama

Tolganay ta waiwaya lokacin da wani mutum ya fara tafi. Makaɗan sun ɗan tsagaita ne kawai, zauren kiɗan birnin Almaty ya yi tsit, amma shi yana ta rafka tafi, tumbi na rawa, zobba na walƙiya. Tun ɗazu barci yake sha, shirun ne ya tashe shi.

"Inna, wane ne wancan?" ta raɗa wa tsohuwar gefenta.

"Rage murya, 'yar nan. Kujerar da kike kai ma shi ya saya. Wai 'yarsa goge take yi."

Gurbin mai goge ɗaya ya rage a ƙungiyar makaɗan. Jiya Tolganay, wadda ta gama karatu bana, ta yi gwajin neman gurbin tare da wata mai hanci sak irin na mutumin. Har yanzu ba a kira kowa ba.