Ɗakunan da Na Gina a Hanyar Ruwa

Lokacin da abin nan ya same ni ban cika shekara talatin ba. Bazawara ce ni, da 'ya'ya mata biyu ƙanana, ina zaune a gidan mahaifina a cikin birnin Haɗeja. Mahaifina malami ne da ya taso daga gabas, wajen Tafkin Cadi. Shi ya koya mini rubutun da nake yi muku wannan takarda da shi, kuma a bakinsa na tsinci Barbarci, harshen mutanen Barno. Ya rasu shekara guda kafin mijina. Abin da ya zo hannuna daga gadonsu shi ne shanu uku, da ɗan kuɗin wuri a tukunya, da murjanin mahaifiyata. Sana'ata suyar kifi da kaɗi. Ba zan ambaci sunan kowa ba, amma waɗanda suka san garin nan a wancan zamani za su gane wanda nake nufi, kuma ban damu su gane ba.

Da rani fataken Barno sukan shigo da jakunansu ɗauke da kanwa, su kwana biyu a nan kafin su wuce Kano. Wajena wasu daga cikinsu suke sayen kifi, kuma da yake ina jin harshensu, nakan ji suna ƙorafin masauki. Gidajen fatoma, wato masu saukar da baƙin fatake, sun yi musu kaɗan, har wasu sukan kwana a fili da kayansu. Sai na fara tunani. Saniya ciwo ɗaya ke kayar da ita, wuri kuma kullum raguwa yake yi a tukunya, amma ɗaki yana nan inda aka gina shi. Na ce in na samu fili na yi ɗakuna ina ba da haya, 'ya'yana ba za su taɓa kai ƙoƙon bara gidan dangi ba. Na ɗauki maganar na kai wa ƙanin mahaifina, wanda muke kira Baffa, don shi ne ya zame mini uba. Ya saurare ni har ƙarshe, ya sa mini albarka, ya ce hankalin yayansa na gado. Daga nan ya ce ai ba sai na wahala da nema ba, yana da fili a bayan ganuwa ta ɓangaren kogi, daidai inda fatake ke shayar da jakuna. Ya ce mutane da yawa sun taya ya hana, amma 'yar ɗan'uwansa ba bare ba ce.

Ya kai ni na ga wurin a tsakiyar rani. Fili ne shimfiɗaɗɗe, da tsamiya biyu masu inuwa, kogi kuwa yana can nesa ya janye kamar zare. Na lura ƙasar baƙa ce, ta tsattsage, na tambaye shi ko ruwa na zuwa nan. Ya yi dariya ya nuna mini wasu giginyu can gaba, ya ce tun da ya san wurin ruwa bai taɓa tsallake su ba. A cikin ganuwa na tashi, kogi a kwandon kifi kawai na san shi, saboda haka na yarda. Na sayar da shanu biyu na biya shi a gaban shaidu biyu, dukansu mutanen zaurensa ne. Ban kawo nawa shaida ba, don ina ganin kunya ce in nuna ban amince da uba ba.

A nan zan faɗi laifina, don ba na so ku ce tsohuwa ta wanke kanta. Ranar da magina suka fara buga tubali, wani tsohon masunci da nake sayen kifi a hannunsa ya biyo ta wurin da gorarsa a kafaɗa. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya kira ni gefe. Ya nuna mini gindin tsamiyar nan, inda ɓawon ya canza launi daidai ƙuguna, ya ce wannan shaidar ruwa ce. Ya ce kogin nan yakan yi shekara uku ko huɗu yana ladabi, sai shekara ɗaya ya zo ya karɓi abin da yake nasa, kuma shi da kansa ya taɓa kama tarwaɗa a inda nake son sa ƙofa. Na ji maganar, ta shige ni. Amma na riga na biya, tubali na bushewa, mata a unguwa sun fara kirana mai gidan baƙi. Na je na faɗa wa Baffa, ya ce masunta ba sa son a yi gini kusa da inda suke shanya komar kamun kifi, shi ke nan. Wannan amsar ta yi mini daɗi, sai na riƙe ta. Har na daina sayen kifi wajen tsohon.

Na gina ɗakuna huɗu da zaure, da wani babban ɗakin ajiya. Saniya ta ukun da murjanin mahaifiyata duk suka tafi a azara da ladan magina. Shekarar farko kuwa abin ya yi kyau ƙwarai. Ɗakunan ba su taɓa zama babu mutum ba har rani ya fita. Damina ta zo, kogi ya cika, ya tsaya can bayan giginyu kamar yadda Baffa ya faɗa. Na dinga jin kaina, na ɗinka wa 'ya'yana zane, ina ganin tsohon masuncin a hanya ina kau da kai.

A rani na biyu wani dattijon madugu ya sauka a wajena da ayarinsa. Mutum ne mai sanyin magana, ya san garin su mahaifina, tun ranar farko yake ce mini 'yata. Kasuwar kanwa ta faɗi a shekarar, sai ya yanke shawarar ba zai karyar da kayansa ba. Ya tambaye ni ko zan ba shi hayar ɗakin ajiya ya bar kanwar har bayan damina, shi ya koma gida ya yi noma. Kanwar nan ba tasa ba ce shi kaɗai, har da ta maƙwabtansa da suka ba shi amana. Ya dube ni ya tambaya ko wurin na da lafiya da damina. Na ce masa lafiya lau, bara ko danshi bai taɓa bangon ba. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗa masa abin da masuncin ya nuna mini ba. Na sake shawartar Baffa, ya ce in karɓa da hannu biyu, irin wannan haya ba kullum take zuwa ba.

Ruwan ya zo a ƙarshen damina, kuma abin da har yau yake ba ni mamaki shi ne rana ake ƙwallawa, ko gajimare babu. Ruwan da aka yi can ƙasashen yamma ne ya gangaro ta kogi. Da safe aka ce ya kai giginyu, da azahar ya wuce su, yana tafiya a hankali cikin ciyawa ba ƙara. Na shiga gari ina neman masu jakuna su kwashe mini kanwar, amma kowa na can yana ceton gonarsa. Na je gidan Baffa, wanda yake da jakuna biyar a ɗaure, aka ce ya tafi Kafin Hausa tun shekaranjiya, kuma ya bar umarni kada a kwance dabba ko ɗaya. Na koma da ni da mata biyu maƙwabtana, muka dinga ɗaukar abin da za mu iya a ka, ruwa na dukan gwiwarmu. Kafin la'asar ya shiga ɗakin ajiya. Wanda bai taɓa ganin kanwa a ruwa ba ba zai gane ba. Sai ka ga tabarmar da aka naɗe ta tana lotsawa, ka kai hannu ka ji babu komai sai santsi. Kwana uku bayan haka bangon ya jiƙe daga ƙasa, ɗakunan suka zauna ɗaya bayan ɗaya, ina tsaye a kan tudu ina kallo.

Da kaka madugun ya dawo. Na so a ce ya zage ni. Ya zagaya wurin, ya duƙa ya ɗebi farar ƙasar da kanwar ta bari, ya murza ta a hannu, ya ce shi da tasa ce kaɗai da ya bar wa Allah, amma me zai faɗa wa mutanen da suka ba shi? Dole muka je gaban alƙali. Alƙalin ya bayyana cewa mai riƙon amana ba ya biyan abin da ƙaddara ta ci, sai in ya yi sakaci. Sai ya tambaye ni ko akwai wanda ya taɓa faɗa mini ruwa na zuwa wurin. Masuncin ba ya nan, ba wanda ya ji maganarmu. Na dubi dattijon nan da ya ce mini 'yata, na kasa yin ƙarya. Na ce an faɗa mini. Amma na ƙara da cewa wanda ya sayar mini shi ya tabbatar mini ruwa ba ya kaiwa, sau uku ina tambayarsa.

Aka kira Baffa. Ya shigo da babbar riga, ya zauna, ko inda nake bai duba ba. Ya ce, "Allah ya gafarta malam, ni gona na sayar mata, ba filin gini ba. Na hana ta, na ce wurin ruwa ne, ta ƙi ji. Yarinyar nan tun tana ƙarama taurin kai gare ta." Shaidunsa biyu suka ce haka aka yi. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Baffa, ka dube ni ka sake faɗa. Kai ka nuna mini giginyu da hannunka!" Ya juya ga alƙali ya ce, "Ka gani ko? A gabanka ma ga yadda take yi wa uba." Aka ce in zauna in yi shiru.

Aka yanke in biya. Ba ni da komai sai filin da azarar da muka tsamo, sai aka ba madugun su. Shi kuwa baƙo ne, me zai yi da fili a Haɗeja? Ya sa a kasuwa, kowa ya san wurin ruwa ne yanzu, ba mai taya. Mutum ɗaya ya fito ya saya da abin da bai kai rabin saniya ba. Kun san ko wane ne. Kafin sanyi ya fita ya kafa jigon ban ruwa a wurin, ya shuka alkama a kan ƙasar ɗakunana. Madugun ya tafi da ɗan abin da ya samu, bai sake biyowa ta garin nan ba, kuma ban taɓa sanin yadda ya ƙare da mutanensa ba. Wannan yana cina fiye da shanun.

Na koma bakin kasko. Shekara tara ina suya ina kaɗi kafin na iya sayen wani ɗan kango a kan tudu a cikin gari. Wannan karon sai da na bar damina biyu suka wuce ina zuwa ina dubawa, na tambayi tsofaffin unguwar ɗaya bayan ɗaya, na kawo shaidu daga masallacin da mahaifina ya yi limanci. Ɗaki biyu na yi, su suka aurar da 'ya'yana. Tsohon masuncin kuwa na je har gidansa na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, ya ba ni kifi.

Ga abin da nake so ku ɗauka, musamman ku mata da gado ya faɗo hannunku kuna neman inda za ku sa shi. Kada ku sayi wuri da rani. Kada ku tambayi mai sayarwa aibin abin da yake sayarwa, ko da shi ya yanka muku ragon suna. Ku tambayi wanda ba zai samu ko wuri ɗaya a cinikin ba, kuma in ya faɗi abin da ba ku so, ku zauna ku ji. Ku kawo shaidunku, kunya ba za ta tsaya muku a gaban alƙali ba. In kuma wani zai sa kayansa a ɗakinku, ku faɗa masa duk abin da kuka sani, har wanda kuke fatan ba gaskiya ba ne. Ni na ɓoye magana ɗaya, ta cinye dukiyar mutanen da ban taɓa ganin fuskarsu ba, kuma wannan nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

Baffa ya yi tsawon rai. Da ciwon ajali ya kama shi, 'ya'yansa suka zo suka ce yana roƙon in yafe masa. Na tambaye su ko ya faɗi abin da yake so in yafe. Suka ce a'a, cewa ya yi duk abin da ke tsakani. Na ce su koma su gaya masa shanu da murjani da fili na yafe, ya ci halal. Maganar da ya yi a gaban alƙali kuwa, in ya tara mutane ya janye ta, na yafe ita ma tun kafin ya rufe baki. Ya kwana goma sha ɗaya bayan haka, da hankalinsa da bakinsa, har ya rasu bai tara kowa ba. Saboda haka shari'ar nan ba ta ƙare ba, akwai sauran zama ɗaya, kuma a can ba zai zo da mutanen zaurensa ba.